Firizar Zinariya da Butar Kawu Sajo

Firizar Zinariya ba ta je kasuwar Maigatari ba. Ranar Alhamis ɗin da mijinta Ilu ya tsayar don a ɗora ta a mota a kai wa dillali, tana nan a kusurwar kicin ɗinsu da ke Gagarawa Tasha, cike da nono da zoɓo, tana gurnaninta kamar kullum. Abin da ya cece ta rami ne mai zurfin tsayin mutum da aka haƙa a bayan kicin ranar Laraba, da buhun gawayi, da kwano biyu na gishiri, da wata na'a-na'a da ta bushe. Kawun Ilu, wato Kawu Sajo, yana da nasa bayanin dabam, kuma har yanzu bai janye shi ba.

Zinariya fura da nono take sayarwa, da zoɓo da kunun aya. Kafin ta mallaki firiza, ƙanƙara take sawa a kawo mata daga Gumel, rabi ya narke a hanya. A tsakiyar daminar bara ta sayar da awakinta uku ta sayi wannan firizar a Maigatari. Ta hannu ce, ta ƙetaro daga Nijar, da rubutun Faransanci a jikin murfinta wanda babu mai iya karantawa a gidan. Cikin wata guda direbobin tasha suka san ƙofarta. Wuta ba kullum ake samu ba, amma firizar tana riƙe sanyi kwana biyu idan ba a yawan buɗe ta.

Kawu Sajo ya haura saba'in. Ya yi kiwo shekara hamsin, ya bar wa 'ya'yansa shanun a rugarsu da ke gaba da Sule Tankarkar, ya dawo gidan ɗan ƙanwarsa ya karɓi ɗakin ƙofar gida. Abu biyu ya taho da su daga daji bai yarda an raba shi da su ba. Na farko, ba ya bari mace ta wanke masa kaya. Na biyu, ba ya alwala a gaban mutane. Akwai wani lungu tsakanin bangon kicin da katanga, inda ya ajiye faffaɗan dutse. A kansa yake alwala, a kansa yake wanki. Butarsa kuwa ta ninka ta kowa, kuma ba ya tashi sai ta ƙare.

Ilu direba ne, yana jigilar Gagarawa zuwa Gumel. Yakan yi maganar ruwan cikin ladabi.

"Kawu, ai rabin butar nan ma ya wadatar."

"Shekara hamsin ina alwala da abin da bai cika ludayi ba," in ji Kawu. "Yanzu na ga ruwa. Bar ni in rama."

Damina ta wuce, kaka ta wuce, firiza ba ta taɓa kowa ba. Sai a watan Disamba, Kawu ya tafi ruga ganin shanu. Kwanansa biyar da tafiya, Zinariya ta gama wanke ƙwarya, hannunta a jiƙe, ƙafarta ba takalmi, ta kama murfin firizar. Wani abu ya tsarga mata daga yatsu zuwa gwiwar hannu, kamar an cusa mata tururuwa a cikin jijiya. Ta yi baya, ƙwaryar ta faɗi.

Da magariba ta gaya wa Ilu. Ya shiga kicin da takalminsa na roba, ya dafa murfin, ya shafa gefe, ya buɗe ya rufe.

"Ni ban ji komai ba."

"Baban Sumayya, cire takalmin ka gani."

"A'a, na yarda da ke," in ji shi, bai cire ba. "Zan yi wa Barau magana."

Barau mai gyaran wuta ne a Gumel, aiki ya yi masa yawa, bai samu zuwa ba sai bayan kwana biyar. A tsakani Zinariya ta shimfiɗa katako a gaban firizar, ta naɗa tsumma a mariƙin, ta hana 'yarsu Sumayya mai shekara uku shiga kicin. Ana gobe Barau zai zo Kawu ya dawo, ya kwashe rigunan tafiyarsa ya nufi lungu, ya yi wankin bokiti huɗu.

Barau Bamange ne, tsatson Barebari, saboda haka akwai wasa tsakaninsa da Kawu tun kafin su taɓa ganin juna. Yana jingine babur ya fara.

"Sannu Bafillace. An ce ka shigo gari, har ka koyi kwana a ɗaki mai ƙofa."

"Shigo ka yi aikin ubangidanka," in ji Kawu. "In ka gama akwai ragowar nono."

Barau ya cire takalmi, ya ɗora testa, ɗan sukudireban gwada wuta, a kan murfin firizar. Ƙwan cikinta bai kama ba. Ya gwada a gefe, ya gwada a baya, ya taɓa da bayan hannu. Ya buɗe soket ya duba. Sannan ya zagaya lungu, Zinariya tana biye da shi. Wata koriyar waya ta fito daga bangon kicin ta gangara ta shige ƙasa, daf da dutsen Kawu. Barau ya danna ƙasar da babban yatsan ƙafarsa, ya ga danshi, ya gyaɗa kai ya juyo.

"Hajiya, firizar nan ta fi ni lafiya."

"Ban je hajji ba tukuna. Kuma wallahi ta ja ni, ba sau ɗaya ba."

"Allah Ya kai ki. Ban ƙaryata ki ba, amma abin da ban gani ba ba zan iya gyara shi ba."

Ya bar mata testar. Ya nuna mata yadda za ta ɗora bakin a jikin ƙarfe ta dafa gindin da yatsa. Idan ƙwan ya yi ja, ta zare filogi, ta kira shi.

A watan Fabrairu Kawu ya sake tafiya, wannan karon sunan jikansa. Kwana huɗu lafiya. Rana ta biyar testa ta yi ja. Zinariya ta kira Barau, ya ce yana wani aiki a Maigatari, sai mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo Kawu ya dawo, ya yi wankinsa, da yamma aka kawo wuta, testa ta ƙi kamawa. Zinariya ta sake kiran Barau ta ce ya bari kawai.

Maƙwabciyarta Ummukulthum, wadda katanga ɗaya ce tsakaninsu, ita ta fara haɗa lissafin a fili. Ta shigo aron rariya ta tarar ana zancen.

"Ke ba ki lura ba? Duk sanda Kawu ba ya gida take cizo. Yana dawowa ta kwanta. Ai albarkar tsoho ce, ba wani abu ba."

Kawu yana zaune a tabarma yana jin su. Ya gyara zaman hularsa.

"Ni dai ban ce ba," in ji shi. "Amma akwai wani bijimi da na taɓa yi, babu mai iya kama shi sai ni."

Daga ranar ya ɗauki firizar a matsayin dabbar gida. Da safe idan ya zo karɓar furarsa yakan tsaya a bakin kicin ya ce, "Kin tashi lafiya? Ban da faɗa yau." Labari ya kai tasha. Direbobi suka riƙa tambaya kafin su miƙa hannu, "Kawu yana nan?" Wani ma ya ce a ba shi aronsa ya zauna a gaban mota, ko birkinsa zai daina wasa da shi.

Zinariya tana dariya tare da su, amma ba ta ajiye testar ba. Kowace safiya sai ta gwada kafin ta taɓa. Tana girmama Kawu, sai dai ta san tun zuwansa gidan ba a fasa samun ɓera a rumbu ba, kuma ba ta ga dalilin da albarka za ta tsallake ɓera ta kama firiza ba.

A farkon Afrilu, zafi ya kai inda ake yayyafa wa tabarma ruwa kafin a zauna, Kawu ya zame a kan dutsensa ya bugu a gwiwa. Ba wani ciwo ba ne, amma Ilu ya ji kunya ƙwarai. Ya kira magini, aka yi wa Kawu wurin alwala na siminti a gefen ɗakinsa, da ɗan dakalin zama, da zana da ta kare shi daga idon mutane, da bututu da ke fitar da ruwan waje zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida. Har wurin wanki aka yi masa. Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya zauna a dakalin, ya miƙe ƙafafu.

"Allah Ya yi maka albarka, Ilu. Ko hakimi sai haka."

Ranar Talata ya fara amfani da shi. Ranar Litinin da ta biyo, Ilu yana gida saboda motarsa tana wurin bakanike. Da safe Zinariya ta so gwada firizar amma babu wuta. Da azahar aka kawo, ita kuma tana yi wa Sumayya wanka. Ta juya ɗauko zane, yarinyar ta sulale a guje, jikinta sharkaf, ta shige kicin inda ta san ana ajiye kunun aya. Ba wanda ya damu a daƙiƙar farko, domin Kawu yana gida, ga shi can zaune taku goma daga ƙofar kicin.

Ƙarar da Sumayya ta yi ta tayar da kajin gidan gaba ɗaya. Zinariya ta iske ta zaune a ƙasa tana riƙe da hannu tana tsala kuka. Ta ɗauke ta, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙuna. Cikin minti goma yarinyar ta koma cin gyaɗa, tana harara ƙofar kicin.

Ilu ya zare filogin, ya naɗe wayar a hannunsa, ya ɗora a kan murfin.

"Alhamis zan kai ta Maigatari."

"Baban Sumayya…"

"Ke kin san yadda za ki kiyaye kanki. Ita fa? Barau ya duba bai ga komai ba. An ce Kawu ne maganinta, ga Kawu nan a zaune. Abin da ba a san kansa ba ba zai kwana min a gida da yarinya ba."

Zinariya ba ta yi musu ba, domin da ita ce a madadinsa abin da za ta faɗa ke nan. Amma awaki uku ne a cikin firizar nan, kuma tsakiyar bazara ake, lokacin da kofin zoɓo mai sanyi ke tsayar da mota. Ba ta da wasu awakin. Idan firizar ta fita, sai dai ta koma jiran ƙanƙarar Gumel.

Kawu ya tashi ya shige ɗakinsa, ranar ko furar yamma bai nema ba.

Washegari Talata ta dafa zoɓo duk da haka, don kada masu zuwa su tarar da ƙofa ba komai. Tana son na'a-na'a a zoɓonta, kuma ba ta taɓa saya ba, domin akwai wadda ta fito da kanta a lungu, gefen dutsen Kawu, ko da rani koriya shar. Ta zagaya ta tsinko. Ta tarar da ita a kwance, ganyen ya ƙanƙance, yana marmashewa a hannu. Ta tsuguna ta tona ƙasar da yatsa. Yashi ne zalla, busasshe, mai zafi. Ta ƙara tonawa har wuyan hannu, haka yake.

Tana ɗagowa idonta ya faɗa kan koriyar wayar nan, inda ta shige ƙasa, taƙi ɗaya daga dutsen. Ta tuna Barau yana danna wurin da yatsan ƙafa, ta tuna ya gyaɗa kai. Me ya gani ya gyaɗa kai? Danshi ya gani.

Ta zauna a kan dutsen ta ƙirga da yatsu. Disamba, kwana biyar da tafiyar Kawu. Fabrairu, kwana biyar. Yanzu Kawu bai je ko'ina ba, amma butarsa ta bar lungun nan kwana shida kafin a ja Sumayya. Duk dawowar da ya yi kuma, abin da yake fara yi wanki ne.

Ta miƙa Sumayya gidan Ummukulthum ta ce kada a bari ta dawo sai ta zo da kanta. Ta jira wuta. Ƙarfe biyu da rabi fankar ɗaki ta motsa. Ta sa silifas, ta hau katako, ta jona firizar, ta ɗora testa. Ƙwan ya yi jajir. Ta zare filogin. Ta ɗauki bokiti ta fara jido daga randa zuwa lungu, tana zubawa a hankali a gindin wayar, yashin yana shanyewa kamar ba a zuba ba. Tana kan na huɗu Kawu ya leƙo.

"Zinariya, lafiya? Mijinki yana cewa ni ke ɓarnar ruwa, ashe bai san wadda ya ajiye ba."

"Kawu, yi haƙuri ka tsaya a nan. Ina son shaida."

Ta zuba shida. Ta ba wurin rabin awa. Ta koma ta jona, ta ɗora testa. Ƙwan ya yi wani ɗan haske da sai ta kare shi da tafin hannu ta gan shi. Ta zare, ta ƙara bokiti biyu, ta sake jira. A gwaji na uku bai kama ba sam.

Kawu ya sunkuya ya ƙura wa testar ido, ya dubi lungun, ya dubi firizar.

"Wato ƙishirwa take ji," in ji shi.

Ta kira Barau ta zayyana masa komai, da kwanakin da adadin bokitan.

"Hajiya, zare ta yanzu. Kada ki amince da ruwan nan, gobe zai bushe. Da safe ina nan tafe, a nemo min gawayi buhu guda da gishiri kwano biyu."

Da Ilu ya dawo ta maimaita masa. Bai ji daɗin labarin ba.

"Kin jona ta bayan na zare? Kuma ruwa da wuta? Ai wannan ya fi na jiya muni."

"Yarinyar ba ta gida lokacin. Kawu ne shaidata."

"Na riga na yi magana da dillali. Idan Barau bai nuna min abin da ke damunta na gani da idona ba, Alhamis tana nan."

Ranar Laraba da hantsi Barau ya iso da wata doguwar sandar jan ƙarfe ɗaure a jikin babur, ta zarce gaba ta zarce baya.

"Yaƙi za ka?" in ji Kawu. "Ai ku ba ku taɓa cin yaƙi da mashi ba, bare da wannan."

"Turke na kawo maka, mu ɗaure ka kada ka ƙara fita gari."

Ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya ɗauki shebur ya shiga lungu. Bai yi tono mai nisa ba. Wayar tana ɗaure a kan wata sanda irin wadda ya kawo, ya kama ta da hannu biyu ya shirya jan gaske, sai ta zaro kamar an cire cokali daga tuwo. Tsawonta kamu ɗaya ne. Ƙarshenta a yanke yake, ga sawun zarto nan. Barau ya jera ta da sabuwar a ƙasa, sabuwar ta ninka ta huɗu.

Ya yi wa Zinariya bayani yana nuni da shebur. Duk kayan wuta mai jikin ƙarfe, in ji shi, wata rana wuta za ta iya zubowa a jikinsa. Aikin koriyar wayar shi ne ta kwashe wannan wutar ta kai ta sanda, sanda ta miƙa wa ƙasa. Amma busasshen yashi ba ya karɓa. Dole sandar ta nutsa har inda danshi yake zaune rani da damina. Wanda ya yi wa gidan wayarin ya yanka sanda guda ya binne guntu a saman yashi. Da damina ruwan sama ya rufa masa asiri. Da rani kuma butar Kawu.

"In ƙasa ta ƙi karɓa," in ji shi, "sai wutar ta jira mai jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi."

"To ita wutar daga ina take zubowa?" in ji Zinariya.

"Tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun Disamba ke nan."

Suka jawo firizar tsakar kicin, ya kwance marfin baya. Kusa da injin akwai wata waya da ta jingina da ƙarfen jiki. Karkarwar injin ta sa ta goga har robar ta siɗe, wuri kamar ƙwayar gero. Barau ya ce a bar ta haka tukuna, kada a taɓa, sai maigidan ya gani.

Haƙa ramin ya ci har bayan azahar. Barau yana ciki, Zinariya tana janye yashin da kwano, Kawu yana tsaye a inuwa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da ramin ya kai wuyan Barau, ƙasar ta sauya launi, ta yi duhu, ta fara dunƙulewa a hannu. Ya kafa sandar ya buga ta da guduma, ya zuba gawayi, ya barbaɗa gishiri, ya mayar da ƙasa, ya sake gawayi da gishiri, haka har sama. Ya tsayar da guntun bututun roba a gefen sandar, bakinsa a waje.

Ilu ya katse jigila ya dawo da la'asar. Barau ya fara miƙa masa guntuwar sandar, sannan ya kai shi bayan firizar ya haska masa wayar da ta siɗe. Ilu ya daɗe a tsugune. A gabansa aka yanke wurin, aka sa sabuwar waya, aka ɗaure ta nesa da ƙarfe. Barau ya mayar da babban makunni. Babu wuta.

Suka zauna jira su huɗu a tsakar gida. Zinariya ta kawo zoɓo mai ɗumi, ba na'a-na'a. Barau ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Malam Ilu, in ka sayar da firizar nan, wannan za ka riƙa sha har damina. Ka yi tunani."

Ƙarfe biyar da kwata fanka ta juya. Barau ya jona firizar, injin ya ɗauka. Ya gwada da mitarsa, ya gwada da testa, murfi da gefe da baya. Sannan ya dubi ƙafar Ilu.

"Na auna, babu komai. Yanzu cire takalmin. Da bayan hannu."

Wannan karon Ilu ya cire. Ya taka simintin, ya miƙa hannu a hankali kamar mai shafa baƙon kare, ya taɓa, ya janye, ya sake taɓawa ya bar hannun. Ya buɗe murfin ya leƙa cikin firizar da babu komai, ya rufe.

"Ina kika kai nonon?" in ji shi.

"Yana gidan Ummukulthum, a randa."

"To a ɗauko mana, kafin su ɗauke wutar."

Ya fita ƙofar gida da waya a kunne. Zinariya ta ji yana ba dillali haƙuri. Ta ɗauki tsumman da ta naɗa a mariƙin tun Disamba ta warware shi, ta jefa a kwandon wanki.

Kawu ya jira Ilu ya dawo kafin ya yi magana.

"Wato dai ni ne."

"Ruwanka ne, Bafillace," in ji Barau. "Ko jaki ne ya zuba, haka za a samu."

"Ruwan shi ya ɗauki kansa ya je lungu sau biyar a rana? Wata takwas ina tsare gidan nan, ana ce min rabin buta ya wadatar. Da na ji maganar Ilu, da tuni an daɗe da jan kowa."

Ilu ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Na janye, Kawu."

"Kuma wa ya ɗauke ni daga bakin aikina ya kai ni kan siminti?"

"Ni ne, Kawu."

Barau yana ɗaure kayansa ya nuna musu bututun robar. Sabuwar sandar ta kai danshi, in ji shi, amma ƙasar nan yashi ce, saboda haka a tsakiyar bazara a riƙa zuba bokiti guda a bututun duk mako. Ya tambaya wa zai ɗauki nauyin. Kafin a ba shi amsa, Kawu ya riga ya shiga lungu yana tura dutsensa da ƙafa zuwa bakin bututun.

"Kawu, simintin fa?" in ji Ilu. "Gwiwarka fa?"

"Ka kawo min dakalin nan. Sauran ka bar wa baƙi."

Zinariya ta ce ita za ta riƙa zuba bokitin duk ranar Juma'a, ko Kawu yana gari ko ba ya nan. Testar kuma tana nan rataye a ƙusa a bakin kicin, sama da inda hannun Sumayya zai kai.

Ummukulthum ce ta kawo nonon da kanta, ta tsaya ta ga guntuwar sandar. Ta juya ta a hannu, ta ce ai hitarta ta dafa ruwa ta daɗe tana ɗan tsunkulinta, ita ta ɗauka haka hita take. Ta tambaya ko za a ba ta aron Kawu na mako guda. Barau bai yi dariya ba. Ya tambayi gida nawa aka gina a layin a shekara ɗaya. Ilu ya ce huɗu ne, kuma mutum ɗaya ya yi musu wayarin, wani da ba a riƙe sunansa ba, an ce ya koma Damagaram. Barau ya zana tsawon sabuwar sanda a ƙasa, ya auna shi da guntuwar: huɗu cif, wato sanda ɗaya aka yanka wa gida huɗu. Ya ce wa Ummukulthum ta zare hitar ta ajiye, ta gaya wa sauran gidajen biyu, zai dawo ranar Asabar.

Zuwa yammacin Juma'a, gida ɗaya ya ce zai jira Barau, ɗaya ya ce wutarsu lafiya take. Ba a tona ko ɗaya daga cikin ukun ba.